Tambayoyinku: Cin Zali a Ƙaramar Sakandare

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duka a kan abu ɗaya suke, wato yadda yara ke cin zalin junansu a aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare. Malaman makaranta da masu ba ɗalibai shawara a nan Jos ne suka haɗu suka amsa. Mun ɓoye sunayen masu tambaya da na makarantu.

Tambaya: Ɗana shekararsa 11, ya shiga aji ɗaya a watan Satumba. Tun tsakiyar zango kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, amma ranar Asabar da Lahadi garau yake. Kuɗin tara ba ya isarsa, kuma sau biyu ke nan suwaitarsa na ɓacewa a cikin wannan sanyin. Babansa ya ce wasan yara ne. Yaya zan gane? (Wata uwa, Unguwar Rogo)

Amsa: Hajiya, ciwon cikin da ya san ranakun mako abin bincike ne. Ki kai shi asibiti a duba, amma kada ki tsaya a nan.

Masanin da ya fara zurfafa bincike a kan wannan matsala, Dan Olweus na Jami'ar Bergen a ƙasar Norway, ya ba da alamomi uku da ake raba cin zali da wasa, kuma har yau su ake aiki da su. Da gangan ake yi don a cutar. Ana maimaitawa. Sannan ƙarfi bai zo ɗaya ba, ko ta girman jiki, ko ta yawa, ko ta aji, ko ta farin jini. Yara biyu sa'o'in juna su dambace a kan ƙwallo, gobe a gan su tare, wannan faɗa ne. Wasan taubasai ma yana da ƙa'ida: kowa na da damar ramawa, kowa na dariya, in ɗaya ya ɓata rai a tsaya. Idan kullum mutum ɗaya ake yi wa, kuma ɓacin ransa shi ke ƙara wa abin daɗi, an bar wasa.

Kada ki tambaye shi "Ana dukanka?" Zai ce a'a, domin a shekarunsa babu abin kunya kamar a ce masa rago ko ɗan kai ƙara. Ki bari sai kuna wani aiki tare, ba ido cikin ido ba, ki tambayi ƙananan abubuwa. Da wa ya ci abinci yau? Ina yake tsayawa lokacin tara? Yana shiga bayin makaranta? Wace hanya yake bi in an tashi? Yaron da ke riƙe fitsari tun safe har ya dawo gida, akwai wanda yake gudu.

Game da dalilin da ya sa sai yanzu: bincike a ƙasashe da dama ya nuna cin zali yakan yi tashin gwauron zabo a daidai shigowa sakandare. Yaron da ya gama aji shida yana babba a firamare ya wayi gari shi ne autan makaranta. An kwaso yara daga makarantu daban-daban an zuba a aji ɗaya, ba wanda ya san matsayin wani, sai a shiga gwada ƙwanji har kowa ya san wurin zamansa. Ga kuma balaga, wadda ba ta zuwa wa kowa lokaci guda. A ajin ɗanki za a iya samun ɗan shekara 10 da ɗan shekara 15 da muryarsa ta buɗe, a benci ɗaya. A firamare malami ɗaya ke wuni da aji, ya san kowa. A sakandare kowane darasi da malaminsa, kuma tsakanin fitar wannan da shigowar wancan akwai minti biyar zuwa goma da aji ke zaune ba babba. Wargi wuri yake samu.

Ki gaya wa babansa cewa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayarsa, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi.

Tambaya: Ni malamin aji biyu ne, ɗalibaina sun haura 70. Akwai wani yaro da na zane sau uku a gaban aji saboda takura wa wani, amma abin sai ƙaruwa yake, har wanda ake takurawar ya daina gaya mini. Me ke ingiza shi? (Wani malami, Bukuru)

Amsa: Malam, amsar tana cikin "a gaban aji". Ka ɗauka yaro ɗaya kake fama da shi, alhali da aji guda kake.

Mai cin zali a wannan shekarun yawanci matsayi yake nema, kuma 'yan kallo ne ke biyansa. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a ƙasar Finland ta nuna tun 1996 cewa kusan kowa a aji yana da rawar da yake takawa: akwai jagora, akwai 'yan kanzaginsa masu riƙe hannu da tsare ƙofa, akwai masu dariya da ihun "ƙara masa", akwai masu kau da kai, sai 'yan ƙalilan masu kare wanda aka sa a gaba. A ƙasar Kanada kuma Wendy Craig da Debra Pepler sun naɗi abin da ke faruwa a filayen wasan makarantun firamare na Toronto, suka tarar a kusan kashi 85 cikin ɗari na lokutan cin zali akwai wasu yara a wurin. Da wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10.

To, duba abin da bulalarka ta yi. Ta ba shi dandali. In ya daure bai yi kuka ba, ya koma benci yana jarumi. Ta sa aji ya san wanda ya kai ƙara, sai a jira shi a hanyar gida. Ta kuma koyar da darasin da shi mai cin zalin ya riga ya haddace, cewa mai ƙarfi shi ke dukan marar ƙarfi. Shirun da ɗayan ya yi maka lissafi ne: ya ga abin da gaya maka ya jawo masa.

Ga abin da ya fi aiki. Ka zana taswirar makaranta a allo, da aji, da bayi, da bayan ajujuwa, da wurin masu sayar da abinci, da ƙofa, da hanyar fita. Kowa ya kwafa a takarda ba tare da rubuta suna ba, ya sa alama a inda ba ya jin daɗin zuwa, ya rubuta lokaci. Ka karɓa da hannunka, kada monita ya tattara. Cikin kwata ɗaya na awa za ka ga wurare biyu ko uku sun tara alamomi. Ka kai wa shugaban makaranta, a sa malamin da ke kan aiki a makon ya riƙa tsayawa a waɗannan wuraren lokacin tara da kuma minti 15 bayan tashi, maimakon zaman ofis.

Sai ganawa. Ka fara da wanda ake takurawa, shi kaɗai, da wani uzuri kamar ɗauko littattafai, don kada a gane. Ka rubuta me ya faru, yaushe, ina, su wa ke wurin. Sannan ka kira masu yi ɗaya bayan ɗaya a cikin darasi guda, don kada su sami damar haɗa baki, minti biyar zuwa goma kowanne. Kada ka buɗe ƙofar musu da tambayar "ka yi ko ba ka yi ba". Ka ce an gani, ba za a lamunta ba, me zai yi daban daga yau? Ya faɗa da bakinsa, ka rubuta, ka ba shi ranar dawowa bayan mako ɗaya ko biyu. Wannan dawowar ita malamai suka fi mantawa, kuma ita ce ƙashin bayan aikin. Kusan haka KiVa, tsarin yaƙi da cin zali na makarantun Finland, yake tafiya. Daga nan ka zaɓi yara biyu zuwa huɗu masu hankali da ake jin maganarsu a aji, ka roƙe su a ɓoye su riƙa zama da yaron, su tafi gida tare.

Abu ɗaya da muke hanawa: haɗa su biyun a ofis a ce su gaisa, su yafe wa juna. Sulhu na sa'o'in juna ne. Wanda ke tsoro zai ce ya yafe don a sake shi, wanda ake tsoro kuma ya fahimci iyakar abin ke nan.

Ka kuma duba naka bakin. Laƙabin da malami ya liƙa wa ɗalibi cikin raha, kamar "daƙiƙin aji", shi yara ke ɗauka su yi shekara uku suna jifansa da shi. Haka karanta makin jarrabawa da ƙarfi daga na ƙarshe, da korar waɗanda ba su biya kuɗi ba a gaban kowa.

Tambaya: An kira ni makaranta wai 'yata, 'yar aji uku, ita ke jagorantar ware wata yarinya. Na yi mamaki, domin a gida ba ta da hayaniya, kuma ba ta wuce ta biyar a aji. Anya ba sharri ba ne? (Wani uba, Rikkos)

Amsa: Alhaji, yana iya zama sharri, amma ƙoƙarinta da natsuwarta ba su wanke ta ba. Mutane na zaton mai cin zali sai daƙiƙi ko ɗan gidan da ya watse. Akwai irin waɗannan, amma da yawa yara ne masu wayo da baki, waɗanda malamai ke so, sun san lokacin da ido ke kansu. A tsakanin 'yan mata kuma abin ba ya cika barin tabo a jiki. Gulma ce, da habaici, da tashi daga benci in wance ta zauna, da toshe hanci, da dokar cewa duk wadda ta yi mata magana an daina yi da ita. Malami zai iya wucewa ta tsakiyarsu bai ga komai ba.

Ka nemi makaranta ta ba ka takamaiman abubuwa: ranaku, kalmomi, shaidu. Kada ka tambayi 'yarka a gabansu. A gida, ka ce mata ka ji kaza da kaza, kana son jin nata. In ta ce "wasa ne" ko "ai kowa ma yana yi", ta amsa ke nan. Hukunci ya zama mai alaƙa da laifin: in da waya aka yi, a karɓe wayar na mako biyu, ta warware abin da ta ƙulla a gaban waɗanda ta ƙulla shi, kai kuma ka kira malamar aji duk ranar Juma'a har wata guda. Duka ba zai koya mata tausayi ba.

Sannan a dubi gida, ba don a zargi kowa ba. Abubuwan da aka san suna da tasiri su ne horo mai tsanani ko wanda ba shi da tsari, yau a kashe ka da duka gobe a yi dariyar laifi iri ɗaya. Faɗan iyaye a gaban yara. Yayye masu cin zalin ƙanne ba mai tsawatarwa. Da rashin sanin inda yaro yake da su wa yake. Akwai wanda ba a cika faɗa ba: yadda ake yi wa 'yar aiki, ko almajirin gida, ko ɗan riƙo, ko 'ya'yan kishiya. Yarinyar da ta taso tana ganin akwai mutumin da ya halatta a wulaƙanta, za ta nemo nata a makaranta. In kuna gida mai karatu, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, kuma malamar Islamiyya za ta iya taya ka da wannan.

Tambaya: Ɗana yana da in'ina, ga shi ƙarami a jiki saboda sikila. Shi ya sa suke bin sa? In canza masa makaranta? (Wata uwa, Gangare)

Amsa: Bambanci shi ake kamawa a yi hujja. Wancan rahoton na UNESCO ya nuna kamannin jiki ne dalilin da yara suka fi ambata. A nan ma haka muke gani: ƙiba, rama, gajarta, zabiya, farfaɗiya, yagaggen takalmi, Turancin da bai nuna ba. Jos kuma tana da nata ƙarin. Tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 unguwanni suka rabu, yara da yawa sai a sakandare suke fara zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ko ƙabilarsu ɗaya ba, kowa ɗauke da maganganun da ya ji a gida.

Amma abin da ya fi in'ina jawo masa shi ne kaɗaici. Mai cin zali yakan zaɓi wanda ba za a tsaya masa ba. Aboki ɗaya na gaske yana rage abin sosai. Ki gano yaro ɗaya ko biyu da yake shiri da su, ki san iyayensu, su riƙa tafiya tare. Ki sanar da makaranta a rubuce cewa yana da sikila, don kada a sa shi tsallen kwaɗo ko tsayuwa a sanyin asuba, kuma a bar shi ya sha ruwa ya fita bayi, domin sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki suna tayar da ciwon. Malamai su daina tilasta masa karatu a bayyane ba shiri. Canjin makaranta ki ajiye shi a ƙarshe, in hukuma ta ƙi motsi, domin sabon ɗalibi marar aboki shi ma abin hari ne.

Tambaya: Ƙanena yana aji ɗaya a makarantar kwana. Siniyoyi suna kwashe masa gari da suga da madara, suna sa shi wanki da ɗibar ruwa da asuba. Kawunmu ya ce haka aka yi musu, shi ke sa yaro ya zama namiji. (Wani matashi, Farin Gada)

Amsa: Maganar kawu ita ce injin da ke juya abin. Ɗan aji ɗaya yana haƙuri ne da alkawarin cewa wata rana shi ma zai yi wa na baya, sai ya zama bashi da ake biya a kan wanda bai ci ba. A makarantar kwana abubuwa uku ke ciyar da shi: ba ɗalibai ikon hukunta ɗalibai, yunwa in abincin makaranta bai isa ba, da darare da babu babba a kusa da ɗakin kwana.

Ranar ziyara ka tambayi malamin ɗakin kwana: ina yake kwana, sau nawa yake zagaye bayan an kashe fitila, 'yan ƙaramar sakandare da manya ɗaki ɗaya suke, firfet yana da izinin duka? Amsoshin za su gaya maka irin makarantar. Ka duba bayan yaron da gwiwoyinsa. Ka rage yawan kayan da ake ba shi lokaci guda, kuɗi kuma a ajiye wurin malami. Ka sa ido kan siniyan da ke yawan yi masa kyauta yana keɓewa da shi, domin ba kowace kulawa ce ta alheri ba. Kada ku tura abokanka su tare siniyan a waje. A garin da ake fama da 'yan sara-suka, faɗan makaranta da ya fita titi ba ya tsayawa inda aka fara shi.

Tambaya: An ɗauki hotona ina barci a aji, aka sa a rukunin WhatsApp na ajinmu da zagi. Ina tsoron gaya wa Mama don za ta ƙwace wayar. (Wata ɗaliba, Tudun Wada)

Amsa: 'Yata, tsoronki shi ne dalilin da ya sa yara da yawa ke yin shiru, don haka iyaye su ji: wanda aka cuta ba shi ake ƙwace wa waya ba. Ke kuma kada ki mayar da martani, kada ki goge komai tukuna. Ki ɗauki hoton allon wayar yadda lambar wanda ya turo da rana da lokaci za su fito. Sai ki nuna wa Mama ko yayarki ko malamar da kika yarda da ita, yau ɗin nan. Bayan an adana shaida, ki toshe masu zagin, ki kai ƙararsu ta cikin manhajar. Makaranta ba za ta ce a waje aka yi ba, tunda a aji aka ɗauki hoton kuma 'yan ajin ne. In abin ya hana ki barci ko cin abinci, ko kika fara tunanin cutar da kanki, ki faɗa nan take a kai ki ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Tambaya: Na kai ƙara makaranta sau biyu da baki, ba abin da ya sauya. Ina zan nufa? Ko in ce wa yaron ya rama kawai? (Wani uba, Dilimi)

Amsa: Ya kare kansa ya kuɓuta in an kama shi, wannan haƙƙinsa ne. Amma "je ka rama" shawara ce da ke ɗora wa ƙarami aikin da ya gagari manya. Wanda aka zaɓa don ba shi da ƙarfi, in ya rama yakan sha kashi a gaban jama'a, ko a kore su tare. Abin da za ka koya masa: ya ɗaga kai, ya faɗi gajeriyar magana da ƙarfi kamar "Ka bari!", ya nufi inda mutane suke, ya faɗa wa babba a ranar. Ku gwada a gida sau da yawa har bakinsa ya saba.

Ƙarar baki kuwa iska ke ɗauke ta. Ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya ga shugaban makaranta: ranaku, wurare, abin da aka yi, ranakun da ka zo a baya da wanda ka gani, da abin da kake nema. Ka yi kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a naka. In akwai rauni, ka ɗauki hoto, ka riƙe katin asibiti. Ka nemi a ba ka ranar dawowa cikin mako biyu. In ta wuce shiru, ka kai wa shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko kwamitin al'umma mai kula da makarantar in ta gwamnati ce, daga nan sai ofishin ilimi na yankin da Ma'aikatar Ilimi ta jiha, wadda makarantun kuɗi ma a ƙarƙashin kulawarta suke. Dokar Haƙƙin Yara ta ƙasa ta 2003, wadda Jihar Filato ta yi tata a 2005, ta haramta cutar da yaro a jiki ko a zuciya. In an yi amfani da makami, ko an ji masa mummunan rauni, ko an taɓa mutuncinsa ta hanyar lalata, ba a jiran mako biyu: asibiti da farko, sai 'yan sanda, a ranar. Bidiyo ko hoton abin kuma hukuma ake ba, kada a watsa shi a Facebook ko TikTok, domin fuskar ɗanka ce za ta ci gaba da yawo bayan an gama shari'ar.